Hoton da Ake Ci: Sharhi a Kan Kukis Masu Hoto



Duk mai halartar biki a 'yan shekarun nan, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ya ga wani sabon baƙo a cikin jakar da ake raba wa jama'a. Bayan cincin da dubulan da ɗan kwalin lemo, sai ka tarar da wani zagayayyen biskit a tasa ledar shi kaɗai, an ɗaure bakinta da zare mai ƙyalli. A fuskarsa ga hoton amarya da ango, ko sunan jaririn da ake shagalin sunansa, ko tambarin makarantar da ke yaye ɗalibai. Kukis masu hoto ke nan. Yaro kan tsaya ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Umma, a ɓare takardar ko a ci da ita?" Uwa ta ce, "Ci abinka, ita ma ci ake yi."

Amsar nan ta uwa gaskiya ce, kuma a kanta sharhinmu na yau zai tsaya. Tunda ci ake yi, to takardar abinci ce, tawadar da ke kanta abinci ce, injin da ya buga ta kuwa kayan girki ne. Ido ne yake ruɗinmu, mu ɗauki abin a matsayin aikin masu buga kalanda da katin gayyata, har mu manta cewa ƙarshensa cikin yaro ɗan shekara uku zai shiga. Ina ƙaunar wannan sana'a, domin matan aure da 'yan mata da yawa take rufa wa asiri daga cikin ɗakin girkinsu, ba su kama shago ba, ba su roƙi kowa ba. Shi ya sa nake so a yi ta yadda ya kamata.

Sha'awar ɗora hoto a kan kayan maƙulashe ba yau ta fara ba. A kudancin Jamus da Suwizalan, ɗaruruwan shekaru ke nan ana yin wani biskit mai suna springerle, wanda ake danna kwaɓinsa a kan katakon da aka sassaƙa wa siffar doki ko fure ko tsuntsu, ya fito da zanen a jikinsa. A ƙarni na 19, da buga hoto mai launi ya yi araha, masu gasa biskit ɗin zuma da kayan ƙamshi a can suka riƙa manna masa hotunan takarda. Sai dai waccan takarda ce ta gaske, ɓare ta ake yi kafin a kai baki. A Amurka ne, a shekarun 1990, aka haɗa firinta mai fesa tawada da launin abinci da takardar da ke narkewa a baki, abin ya bazu a manyan kantunan da ke gasa kek. Kamfanoni irin su Lucks a jihar Washintan, da DecoPac a Minesota mai tsarin PhotoCake, da Kopykake a Kalifoniya, su suka yi suna a harkar. A 2020 kamfanin Primera ya fito da wani inji mai suna Eddie, wanda ba ruwansa da takarda ma: ana jera masa kukis 12 a faifai, yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana buga hoton kai tsaye a kan aisin, wato lulluɓin sukarin da ke samansu. Wannan na masu jari ne. Abin da ya iso yawancin gidajenmu shi ne na takarda.

Takardar iri biyu ce, kuma wadda ba ta bambance su ba za ta yi asara tun a odar farko. Akwai takardar wefa, wadda ake yi da sitacin dankalin turawa da ruwa da ɗan mai. Ba ta da ɗanɗano, shara-shara ce, tana da araha, amma ba ta shiri da ruwa ko kaɗan: danshi na taɓa ta sai ta kanannaɗe ko ta narke. Launi a kanta ba ya fita sosai. Sai takardar sukari, wadda aisin ne aka shimfiɗa siriri a kan farar roba. Ta fi tsada, ta fi kauri, tana da ɗan zaƙi, kuma hoton fuska ya fi fita a kanta tar. Idan ta zauna a kan kukis takan haɗe da aisin ɗin da ke ƙasa, haƙori ya ratsa su tare. Don fuskar mutum, ni ita nake ba da shawara. Wefa ta fi dacewa da zanen fure, ko na atamfa, ko rubutu mai manyan baƙaƙe. Dukansu a girman A4 aka fi samunsu, kuma takarda ɗaya na fitar da da'ira 12 masu faɗin kamar santimita 6. Ke nan mai odar guda 120 takarda 10 take bukata, da ƙarin ɗaya ko biyu saboda wanda zai yage.

Yanzu mu zo kan inji, inda na fi jin tsoro.

Yawancin firintocin da ake wannan aiki da su na Canon ne ko Epson, irin dai na ofis. Waɗannan kamfanoni ba don abinci suka ƙera su ba. Wasu ne daban suke sayar da kwanson tawadar ci da ya dace da su. Sharaɗin kuwa ɗaya ne, ba shi da sassauci: injin ya zama sabo fil, wanda tawadar ofis ba ta taɓa ratsa shi ba. Tawadar da ake buga takardar jarrabawa da ita tana ɗauke da sinadaran da ba a yi su don cikin ɗan Adam ba, kuma tana maƙalewa a kan fesawa, da cikin siraran bututu, da soson da ke tsotse rara a ƙasan injin. Wanki ba ya fitar da ita duka. Wa zai yarda a tuƙa masa tuwo a tukunyar da aka taɓa dama fenti, don an ce masa an wanke? Ita kuwa firinta mai amfani da gari, wadda ake kira leza, ba ta cikin lissafi sam, domin garin nata roba ce ake narkawa da zafi a kan takarda.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, yawancin masu yin kukis a gida ba su da injin kansu. Hoto suke turawa ta WhatsApp ga wani shagon kayan kek, a buga musu, ɗan aike ya kawo a ambulan. Ba su ga injin ba, ba su ga kwalbar tawadar ba. 'Yar'uwa, sunanki ne a kan ledar, ke za a nema idan wani abu ya faru. Ki taka da ƙafarki ki je shagon ko da sau ɗaya ne. Ki ce, "Malam, don Allah nuna mini injin da kuke buga mana." Ki duba ko a rufe yake daga ƙura, ko a gefen injin hoto-kwafi yake ana buga rasit da shi idan layi ya yi tsawo. Ki karɓi kwalbar tawadar ki karanta: sunan kamfani, abin da aka haɗa ta da shi, ranar da za ta lalace. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Idan kika ga kwalba tsirara ba rubutu, aka ce miki "ai duk ɗaya ne, wannan ta fi sauƙi", ki tuna araha ba ta ado.

Me ke cikin tawadar ta gaskiya? Ruwa ne mafi yawa, da glisarin, da launukan abinci guda huɗu: shuɗi, da ja mai ratsin hoda, da rawaya, da baƙi. Daga waɗannan injin ke haɗa duk wani launi da ido zai gani. Launukan suna da lambobi a jikin kwalba. E102 rawaya ce, E129 ja ne, E133 shuɗi ne. A 2007 masu bincike a Jami'ar Sawthamton ta Ingila suka fitar da sakamakon da ya danganta wasu launuka shida da ƙaruwar rashin natsuwa ga yara, kuma E102 da E129 na cikinsu. Daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da su. Sinadarin da ke ƙara wa wasu takardun sukari fari, E171, Faransa ta dakatar da shi a abinci tun 2020, Tarayyar Turai ta hana shi gaba ɗaya a 2022, alhali a Amurka har yanzu an yarda da shi. Ita ma Amurkar, a Janairun 2025 hukumarta ta abinci da magunguna ta soke izinin wani jan launi, E127, ta ba kamfanonin abinci zuwa Janairun 2027 su daina. Ba don in tsorata kowa nake jero waɗannan ba. Tawadar da ke kan kukis guda ba ta taka kara ta karya ba, kuma yaro ba kullum yake zuwa biki ba. Amma kayan da aka rufe wa ƙofa a wata kasuwa sukan nemi wata kasuwar da ba a tambaya, don haka karatun jikin kwali ya zama wajibi a kanmu.

Akwai kuma abin da ya shafi Musulmi musamman. Jan launi mai lamba E120 daga jikin wani ƙwaro ake samo shi, kuma malamai sun saɓa a kansa. Glisarin ana yin sa daga man itatuwa, ana kuma yin sa daga kitsen dabba. Da yawa daga bidiyon koyarwa na ƙasashen waje za ki ga ana tsarma launi da barasa don ya bushe da wuri. Mai neman halal ta nemi alamarsa a jikin kaya, kuma kada ta kwaikwayi duk abin da ta gani a waya.

Mu dai ba baƙin tawadar da ke shiga ciki ba ne. Malamin da ke rubutun sha ya san abin da ke cikin tawadarsa, gawayi ne da ƙaro, sau da yawa ma da hannunsa ya dafa ta. Ƙaron nan da ake tsinta a dazukan Yobe da Borno da Jigawa, da Chadi da Sudan, shi ne E414 da za ki gani a jikin kwalin alewa da na wasu takardun sukari. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne sanin tushen kaya. Mutanen Kano ba su manta watan Maris na 2021 ba, lokacin da jama'a da yawa suka kwanta asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya, bayan shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Waɗanda suka dama lemon ba su yi nufin cutar da kowa ba, abin da aka auna musu a kasuwa suka saya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta taɓa yaƙar sinadarin bromet a burodi a zamanin Farfesa Dora Akunyili, har masu gidajen burodi suka shiga taitayinsu. Ina kira ga hukumar da ta leƙa shagunan kayan kek, ta ga irin tawada da launukan da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe.

To, a ce kaya sun inganta. Saura aikin hannu, kuma a nan ake gane gwana.

Kukis ɗin da zai ɗauki hoto sai ya zama shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari. Don haka ba a cika masa bakin hoda, kuma akan sa kwaɓin a firji ya yi sanyi kafin a gasa, don kada ya baje. Idan ya fito daga tanda a bar shi ya huce sarai. Ba a manna hoto a kan tsuran kukis, saboda maiƙon bota zai huda takardar ya yi mata tabo. Sai an yi masa shimfiɗa, ko dai da fondan, wato kwaɓin sukari, da aka murza siriri, ko da aisin mai daskarewa, wanda ake haɗawa da garin sukari da farin ƙwai. A nan gara a yi amfani da garin farin ƙwai na gwangwani maimakon ɗanyen ƙwai, tunda aisin ɗin ba ya komawa wuta. Shimfiɗar kuma fara za ta kasance. Injin ba shi da farar tawada; duk inda kika ga fari a hoto, farin takarda ne. Ki ɗora wefa a kan aisin mai ruwan hoda, farar rigar ango za ta koma hoda.

Sannan a jira. Aisin yana bukatar kwana guda a buɗe kafin ya bushe har ciki. Samansa kan yi tauri cikin sa'a ɗaya ko biyu, sai mai gaggawa ta ɗauka ya yi, ta danna hoto, ƙasa ya burma. Sauri ya haifi nawa.

Ku zo mu tsaya a bayan gwana mu ga hannunta. Ta wanke hannu ta goge shi ƙarau, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya dagula fuskar amarya. Ta yanke da'irar da almakashin da ba ya taɓa komai sai abinci, ta rage ta kaɗan yadda ba za ta kai bakin kukis ba. Ta ja robar bayan a kan gefen tebur, hoton yana sama, sai ka ga bakin takardar ya ɗago da kansa. Ta tsoma ɗan buroshi a ruwan glukos, ta share shi a bakin kofi har ya kusa bushewa, ta shafa a kan aisin, ta fi ba gefe-gefe kulawa domin daga nan ɗagowa ke farawa. Ta ajiye hoton daga tsakiya, ta bi shi da tafin yatsa zuwa waje a hankali, tana korar iska. Idan wefa ce, sai ta kifa kukis ɗin a kan takardar gashi na kamar rabin sa'a, nauyinsa ya hana ta lanƙwashewa. Daga ƙarshe ta ɗauki ledar matsa aisin, ta zagaye bakin hoton da ƙananan ɗigo, ɗaya na bin ɗaya. Wannan zagayen shi ke ɓoye inda almakashi ya bi, kuma shi ne wurin da ake ganin hannun mutum, ba na inji ba.

Yanayinmu ma yana da ta cewa, abin da masu bidiyon Landan ba za su gaya miki ba. Da hunturu takardar sukari kan bushe ta yi ƙaras, kina lanƙwasa ta ta tsage. Ki bar ta a ledarta a rufe ruf har sai lokacin aiki. Kan injin ma yakan toshe idan ya daɗe ba a yi bugu ba, shi ya sa ake so a buga wani abu ko da sau ɗaya a mako. Da damina kuwa akasin haka ne: takardar ta yi laushi ta ƙi rabuwa da robarta. Sa ta a firiza na 'yan daƙiƙu yakan sa ta saki. Kukis ɗin da aka gama kada ya shiga firji, domin yana fitowa zai yi gumi, launi ya zube. Kada kuma a bar shi a rana ko a bayan mota, hoton zai koɗe. Hoton da za a buga ma, a turo shi a matsayin fayil, domin WhatsApp na rage ingancin wanda aka tura kai tsaye. Abin da ya yi kyau a fuskar waya yana iya fitowa dishi-dishi a takarda.

Sai abin da ake bugawa. Na ga kukis na walimar saukar Alƙur'ani ɗauke da aya, na ga masu ɗauke da sunan Allah. Niyyar mai kyau ce, ba na shakka. Amma ku tsaya a filin biki bayan an watse ku dubi ƙasa. Guntaye ne ko'ina, wanda yaro ya gutsura ya yar, wanda aka taka, wanda za a share a zuba a shara. Ga kuma waɗanda suka lalace tun a ɗakin girki, da wanda inji ya buga a karkace. Hukunci na malamai ne, amma ladabi na kowa ne, kuma a ganina sunan mai sauka da kalmar barka da hoton allo ba rubutu sun wadatar. Haka hoton mutane: kada ƙawayen amarya su ɗauki hotonta daga waya su kai a buga guda ɗari biyu ba da saninta ba, balle a ɗora a Instagram don talla. Hotunan 'yan wasan katun na yara ma suna da masu su. Manyan kamfanonin Amurka lasisi suke saya kafin su buga, kuma Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

Akwai wani ƙorafi da nake yawan ji daga iyaye mata, kuma ina tare da su: kukis ya yi kyau a ido, a baki kuwa ba komai sai zaƙi da tauri. Mai gireba ba ta da hoton da za ta ɓuya a bayansa. Idan girebarta ba ta narke a baki ba, ba mai sake aiko mata. Haka mai alkaki, haka mai nakiya, kayan garar da iyayenmu suka yi suna da su. Mai kukis ta riƙe wannan ma'auni. Ta sa bota ta gaske, ta sa ɗan gishiri ya karya zaƙin aisin, ta gwada citta ko kanumfari ko ɓawon lemon tsami a kwaɓin. Ta kuma manna 'yar takarda a bayan leda mai ɗauke da ranar da aka yi shi da abin da ke ciki, alkama da ƙwai da madara, da gyaɗa idan akwai, saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar waɗannan.

Ku kuma masu ba da oda, da ku nake yanzu. Yawancin aikin da ya lalace, daga waya ɗaya yake farawa: "Anti, don Allah ki taimaka, gobe nake so." Ita kuma tana jin kunya, ko tana tsoron kada ciniki ya wuce ta, sai ta ce to. Ku lissafa da kanku. Ranar farko a gasa, a shimfiɗa aisin. Ya kwana yana bushewa. Rana ta biyu a karɓo bugu, a yanka, a manna, a zagaye baki. Wannan ma ya kwana, domin idan aka rufe shi a leda da sauran danshi hoton zai manne da ledar. Rana ta uku a ɗaure a kai. Ba a sa ranar da za a tantance hoto da gyara rubutun suna ba, ba a sa ɗauke wuta ba. Hajiya, idan bikinki Asabar ne, ki kira ta tun Litinin, ki kuma biya rabin kuɗin don ta sayi takarda mai kyau.